Tuwon Gidan Suruki

Sada ya iso zangon Kafur da sassarfa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, rana kuwa ta riga ta yi ja a bayan itatuwan ɗorawa. Tun daga Tsiga yake kokawa da igiyar takalmin nan, ya ɗaura ta tsinke, ya ɗaura ta tsinke, har dai ya haƙura ya taka ƙasa haka nan. Buzu yana rataye a bayansa, ga gora, ga burgamin guzuri, ga sandar da ya yi wata biyu yana gyara domin tafiyar Makka.

Zangon ya cika maƙil. Jakuna na kuka, ana ɗaure mangaloli, ana ƙirga tantuna, hayaƙi na tashi ta ko'ina. Gobe da asuba ayarin zai ɗaga zuwa Kano, daga can masu niyyar aikin hajji su bi babban ayarin Barno, su yi ta gabas a ƙasa. Wanda ya dawo cikin shekara bakwai, a zamanin nan cewa ake yi ya yi sauri.

A faɗi gaskiya, ba takalmi ne ya makarar da Sada ba, shi ya makarar da kansa. Tun kwana uku da suka wuce aka ce kowa ya hallara a Kafur, shi kuwa ya zauna ya yi lissafinsa na mai wayo: ya iso a yammacin ƙarshe, ya kwana a gindin bishiya, ya tashi da ayari tun da duhu, ba wanda ya gan shi. Domin a garin nan surukinsa yake, Malam Manu, kuma gidan tsohon ne ya aika matarsa Rabi da 'ya'yansu biyu mata wata guda da ya wuce, wai ganin gida. Bai ce mata ta jira shi ba, bai ce mata ya sawwaƙe mata ba. Duk lokacin da maganar ta zo masa baki sai ya tuna akwai wani rumbu da bai yaɓe ba.

Ya sami madugun, wani gajeren mutum mai suna Aƙilu, yana duba bayan wani jaki da ya yi miki.

"Salamu alaikum, madugu uban tafiya."

"Alaikumus salam. Daga ina?"

"Daga Tsiga. Sada sunana. Ina cikin masu niyyar gabas."

Aƙilu bai ɗago ba. "Wa ya sauke ka?"

"Ai isowata ke nan. Gindin tsamiyar can ma ya ishe ni, da buzuna nake tafe."

"Ban tambaye ka inda za ka shimfiɗa buzu ba. Tuwon wa ka ci a garin nan?"

Nan madugu ya miƙe, ya share hannu a riga, ya faɗa masa abin da kowa ya sani tun kwana uku sai shi. Bara wani mutum ya shigo ayarinsu a zango, da carbi da farin gemu, ya ce shi ma Makka za shi. Ashe idon mahara ne. A dajin da ke gaba ya sulale, kafin gari ya waye aka faɗa musu, aka tafi da mutum tara. Tun daga ranar Aƙilu ya rantse ba mai bin sa sai wanda wani magidanci na cikin gari zai tsaya gobe da asuba ya ce: wannan ya kwana a zaurena, ya sa hannu a akushina a gabana.

"Wanda ka ci tuwo da shi ka ga idonsa," in ji Aƙilu. "Ka shiga gari kafin a rufe ƙofa. In ba ka zo mini da mai masauki ba, ko kai ne limamin Tsiga, a nan zan bar ka."

Sada ya shiga gari da gudu-gudu. Cikinsa sai ƙugi yake yi, don rabonsa da abinci tun kokon asuba, guzurin da ke burgami kuwa na daji ne, ba a taɓa shi tun a ƙofar gida.

Ya fara da gidan liman. Zauren ya cika har waje, mutum wajen ashirin, wasu sun jingina da bango suna gyangyaɗi, akusa a kife an gama da su tun la'asar. Wani dattijo ya ce masa ko allura ba ta da wurin kwanciya a nan. Ya wuce gidan Sarkin Pawa, aka ce baƙin Bakori sun riga shi. Ya yi sallama a gida na uku, na huɗu, na biyar, ko'ina magana ɗaya: kwana uku ana ciyar da baƙi, matan gida sun gaji da daka, tukwane sun gaji da wuta. Wata tsohuwa mai fura da ya tarar tana wanke ƙwarya a bakin kasuwa ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Ɗan nan, ko da saura, furar kasuwa ba ta shaida a gaban madugu. Gida za ka nema."

Duk wannan yawon da yake yi, unguwa ɗaya yake kewayewa kamar mai gudun rijiya, unguwar da ke da doguwar giginya a tsakiya.

A bayan marina ya dace da wani marini mai suna Jibo, hannuwansa shuɗi har gwiwa, mutum mai fara'a. Jibo ya ce ai baƙon Allah ba ya rasa wuri, ya jawo tabarma, ya leƙa cikin gida ya ce a ƙara malmala ɗaya, ya kawo ruwa a moɗa. Sada ya zauna, ya ji kamar an sauke masa dutse. Ya kafa kai ya sha ruwa. Yana sauke moɗar sai ya ga Jibo ya ƙura masa ido.

"Tsaya. Ba kai ne mijin Rabi ba, ɗiyar Malam Manu?"

Sada ya so ya yi ƙarya, amma mai niyyar Makka ne, ga shi ranar farko. Ya ce shi ne.

"La ilaha illallahu!" Jibo ya dafe kai. "Ka so ka jawo mini abin faɗa har jikoki. Surukin Malam Manu ya kwana a zaurena, alhali ga giginyar gidansa can ana hange? Mi za a ce? A ce Malam ya kasa sauke surukinsa, ko a ce ni na shiga tsakani? Ruwa kam ka sha, ruwa ba shi da suruki. Amma tuwo, wallahi ba a gidan nan ba, kuma ba a kowane gida na Kafur ba."

"Ka rufa mini asiri, dare ɗaya ne."

"Asirin ne nake rufa maka." Jibo ya fara naɗe tabarmar tun Sada bai gama tashi ba.

Ya fito ya tsaya a tsakiyar hanya. Ya ji ƙarar ƙyauren ƙofar gari ana turawa, ladan kuma ya ɗaga murya. Haushi ya kama shi, na Jibo, na madugu, na takalmi, na kowa ban da mai laifin. Ya yi tunanin ya fasa tafiyar, ya koma Tsiga ya ce ayari ya tashi ya bar shi. Sai ya tuna shekarar annobar agana, yana kwance a bukka bayan gari, an riga an haƙa kabarin ƙaninsa, ya ɗaga hannu ya yi bakance: in Allah ya tashe shi, zai je ɗakinsa da ƙafa. Allah ya cika nasa tun shekara shida. Saura na Sada.

Ya shiga masallaci ya tsaya a sahun ƙarshe, can kusurwa, ya rufe rabin fuska da rawani. Aka sallame. Yana cikin addu'a, ko kuwa yana fakewa da addu'a, sai ya ga wasu dogayen ƙafafu sun tsaya kusa da shi. Malam Manu ne, dogon tsoho siriri, Bafulatanin da ya zauna gari har ya manta da Fillanci amma bai manta da kunya ba. Bai dubi Sada ba. Ya dubi mutumin da ke gefensa, ya ce, "Malam, in ka ga baƙon Tsiga, ka gaya masa zaure a share yake tun shekaranjiya." Ya sa takalmi ya wuce.

Ba yadda Sada zai yi. Ya bi shi daga nesa kamar akuyar da aka saya.

A ƙofar gidan ya tuɓe takalmin da ya rage masa, ya shiga zaure a sunkuye, ya tsugunna daf da bakin ƙofa. Fitilar man gyaɗa tana ci a alkuki. Malam Manu yana zaune a kan buzu, ya ba shi gefen kafaɗa, fuskarsa na kallon bango. Suka gaisa gaisuwar surukai, gajeriya, kowa yana magana da ƙasa. Rabi ce 'yar fari a gidan, saboda haka kunyar ta zama biyu: tsohon bai taɓa kiran sunanta ba, balle na mijinta.

Asabarin da ke ƙofar cikin gida ya motsa. Wani hannu ya turo akushi rufe da faifai, ya turo kaskon miya, ya turo ruwan wanke hannu, ya koma. Sada ya san munduwar da ke hannun, shi ya sayo ta a kasuwar Maska. Ƙanshin miyar kuka da daddawa da man shanu ya cika zauren. Cikinsa ya yi wata ƙara da ko jakin zango zai ji kunyarta.

Abin da aka saba shi ne tsohon ya tashi ya ce za shi duba dabbobi, ya bar suruki da akushi. Sada ya jira. Tsohon bai motsa ba.

"Da wata rana ce da na ba ka wuri," in ji Malam Manu, yana magana da bango. "Amma gobe Aƙilu zai tambaye ni ko na ga hannunka a akushina. Ni kuwa ban taɓa shaidar abin da ban gani ba. Ba zan fara a kan hanyar Makka ba."

Sada ya dubi akushin. Shekara goma sha ɗaya da aurensa, ko ruwa bai taɓa kurɓa ba a gaban mutumin nan. Ya ce a ransa, to mene ne? Loma uku ce, gobe ya bar ƙasar. Har ya ɗaga hannu, hannun ya ƙi zuwa. Ya san garuruwan nan, ba a ɓoye irin wannan. Kafin ya kai Kano mata sun sa shi a waƙar daka, surukin da ya zauna ya kwashi tuwo ido da ido da uban matarsa. Shi yana can Barno ba ya ji. Rabi ce za ta je rijiya, 'ya'yansa ne za su tashi da sunan.

"Baba," ya ce a hankali, "ba zan iya ba."

"Na sani. Da ka iya, da ban ba ka ita ba." Tsohon ya gyara zama. "Baƙo yana cin tuwo a gabana, kullum ma ci suke yi. Suruki ne ba ya ci."

Sada ba yaro ba ne, ya gane inda aka dosa.

"Wata guda ke nan ka aiko mini da yarinyar nan," tsohon ya ci gaba, "da jikoki biyu, da jaki huɗu na dawa. Dawa ta iso lafiya. Magana ce ba ta iso ba."

"Zan dawo, Baba. In Allah ya yarda zan dawo."

"Haka ƙanena Rabe ya ce a zauren nan. Bana shekara goma sha tara. Matarsa ta yi ta share masa ɗaki har ta rasu. Ba ta san takaba za ta yi ba ko kitso."

Ran Sada ya ɓaci, don ba abin da ke da zafi kamar gaskiyar da ka yi wata guda kana gudu ta same ka da yunwa. Ya ga kamar duk Kafur ne suka haɗa baki, da madugu da marini da mai fura, suka koro shi cikin wannan tarko. Kuma yana son matarsa. Wannan ne abin da bai iya faɗa wa kowa ba. Yana son in ya kwanta a wani zango na ƙasar Wadai ya san cewa can yamma akwai macen da take tasa.

"Ina roƙon a bar ni in yi magana da ita."

"Tana jin ka. Asabari ne kaɗai a tsakaninku." Tsohon ya ɗauki carbinsa ya ƙara juya baya.

Sada ya matsa kaɗan. Yana ganin inuwarta a tsugunne ta tsakanin karan asabarin.

"Rabi, ke kika sa a yi mini haka?"

"Ni tuwo na tuƙa, Malam."

"Na ce ki zo mu tafi tare, kika ƙi."

"Na ƙi. Ladidi shekararta huɗu, ƙanwarta ko yaye ba a daɗe da yi ba. Ba zan binne su a hanya ba, ba kuma zan bar su hannun wata ba. Mun gama wannan tun a Tsiga."

Tambayar da ya yi ta yaɓe rumbuna don kada ya yi, ta fito da kanta. "So kike in sake ki?"

Yana jin numfashinta, yana jin ƙwayoyin carbin tsohon suna faɗawa ɗaya bayan ɗaya.

"Wata guda nake jiran ka tambaye ni," ta ce. "Ba na so. Allah ya sani ba na so. Amma in ka tafi da igiyata a hannunka ka mutu a inda ba wanda ya san sunan Tsiga, wa zai zo ya gaya mini? Na ga Gwaggo matar Baba Rabe, ni na yi mata wankan gawa. Ka bar ni in jira ka don ina so. Ranar da na gaji, in gaji ba da zunubi ba."

"To za ki jira?"

"Ban yi maka alkawari ba. Kai ne mai alkawari, ga shi nan inda ya kawo mu."

Bai taɓa jin ta yi masa magana haka ba, kuma bai sami ko kalma ɗaya da zai ce ƙarya ce ba. Ya yi lissafi, don shi mutum ne mai son lissafi. Saki ɗaya yana da kome kafin idda ta cika, kamar wata uku ke nan. Cikin wata uku ya wuce Kano, ya wuce Haɗeja, wataƙila yana hango ganuwar Kukawa. Ba mai juyowa daga can don ya ce ya mai da matarsa. Ya san in ya furta, ya furta ke nan.

Yana iya tashi yanzu ya fita, ya kwana a masallaci da yunwarsa, gobe ya kwashi iyalinsa su koma Tsiga. Ba wanda zai hana shi. Sai dai zai ƙare rayuwarsa yana sunkuyar da kai duk lokacin da ya fuskanci gabas, sau biyar a yini. Ya zauna da wannan tunanin har fitila ta fara lumshewa, tsohon ya miƙa hannu ya ja lagwanin.

"Baba, ka zama shaida," ya ce. "Rabi, na sawwaƙe miki. Saki ɗaya. Dawar da ke rumbunan Tsiga ta yara ce, yayana zai riƙa kawowa. Ki yafe mini."

"Na yafe. Ni ma ka yafe mini." Inuwar ta miƙe tsaye. Ta ɗan tsaya, sannan ta ce, "Tuwon yana hucewa." Ya ji tafiyarta har ta ɓace a tsakar gida.

Malam Manu ya ajiye carbi. Ya juyo gaba ɗaya, ya dubi Sada a fuska, abin da bai taɓa yi ba tun ranar ɗaurin aure. Idanun tsohon sun yi ja. Ya wanke hannu, ya tura masa ruwan, ya ɗage faifai. Malmala biyu ne manya na tuwon dawa, man shanu ya narke ya kwanta a kan miya.

"Sada," ya ce, "matso. Bismillah."

Sada ya matso. Ya wanke hannu, ya gutsuro, ya dangwala, ya kai baki. Ya yi zaton loma ba za ta wuce ba, sai ga shi ta wuce sumul, ta biyu ta bi ta, ta uku ta bi ta. Yunwa ba ta san an yi saki ba. Abin da ya fi ba shi takaici shi ne tuwon ya yi daɗi, bai taɓa cin wanda ya kai shi ba, hawaye na zuba masa yana ci, ya kasa tsayar da ko ɗaya daga cikin biyun.

Tsohon ya ga haka, ya so ya sauƙaƙa masa, sai ya shiga yi masa hira irin wadda yake yi wa kowane baƙon da ya sauka a zaurensa shekara arba'in. Ya tambaye shi hanya, Sada ya ce alhamdu lillahi. Ya tambaye shi ko dawa ta yi kyau bana a Tsiga, ya ce ta yi. Ya tambayi lafiyar mai gari, da ta liman. Bakin tsohon ya saba da jerin, tambaya na bin tambaya ba sai ya yi tunani ba.

"Yaya ka baro iyali?"

Yana faɗa ya ji abin da ya faɗa. Hannunsa ya tsaya a cikin akushi. Daga can cikin gida ana jin muryar Ladidi tana tambayar uwarta wane ne baƙon da ke zaure.

"Lafiya lau," in ji Sada, ya sake gutsuro tuwo.